Ranar da Na Ɗora Sparta a Kan Dutse

Jikata Zainabu ce ta ja ni ga wannan rubutu. Kwanakin baya tana share mini ɗaki ta jawo wani tsohon katako daga bayan akwati, ta ga duwatsu da teku da 'yan jiragen ɓawon gyaɗa a kansa, sai ta kwashe da dariya, ta ce ashe Kaka wasan ƙasa suke yi a zamaninsu har ana kiransa sana'a. Da ta juya katakon ta ga an rubuta Sparta a bayansa an soke, a gaba kuma an rubuta Atina, sai ta tambaye ni ko a lokacin ban gama iya rubutu ba ne. Na iya rubutu, Zainabu. Abin da ban iya ba shi zan gaya miki, ke da sauran yaran da suke ganin duk abin da mace ta yi da hannu a tsakar gida wasa ne.

Sana'ar ita ce ginin taswira mai tudu da kwari. Ba ta takarda ba, wadda ake rataye wa a bango. Wannan a kan katako ake gina ta, dutse ya tashi, kwari ya nutse, yadda ɗalibi zai sa yatsa ya bi kogi tun daga mafarinsa har inda ya zube. A shekarun alif ɗari tara da hamsin da 'yan kai makarantun Jos ba su da hotuna, littafi ɗaya ma sai aji guda su taru a kansa. Malamin da ya samu irin wannan katako ya huta da rabin surutu.

Aikin farko da Baba Salami ya ba ni daka ne. Shi Bayarabe ne, aminin mahaifina, shagonsa na jikin shagon ɗinkin mahaifina a unguwar Gangare. Ya yi ƙuruciyarsa a Ikko, ya zo Jos ya yi shekaru a ofishin zane na wani kamfanin kuza, yana gina wa Turawa siffar filayen da za su haƙa. Da ya bar aiki sai ya koma yi wa makarantu. Na dawo daga makarantar 'yan mata ke nan, ina ji da kaina na san sunayen koguna da duwatsun duniya, na roƙi mahaifina ya sa baki a koya mini. Baba Salami ya dube ni ya ce, to, 'yar tela, ga turmi. Wannan suna kuwa har ya rasu bai sauya mini shi ba. Wata uku ina yayyaga tsoffin jaridu, in jiƙa su kwana biyu, in matse, in daka har su zama kamar tuwo, in dama sitacin rogo in haɗa. Idan na kai masa sai ya murza da yatsa biyu, in ya ji gudaji ko ɗaya ya mayar mini. Cikin sitacin ana zuba ruwan ɓawon maɗaci. Na taɓa mantawa sau ɗaya, wani hedimasta ya aiko da takarda cewa kyankyasai sun cinye masa ƙasar Masar, saura kogin kawai.

Kayan aikinmu ba su da yawa, kuma babu wanda aka sayo daga Ingila. Katako busasshe wanda ba zai lanƙwashe ba. Ƙusoshi dogaye da gajeru. Tsohuwar aska, cokali mai lanƙwasasshen baki, kurfi ƙarami, gashin kaza na shafa launi. Farar ƙasa daga bakin ramukan kuza na Naraguta, jar ƙasa daga ko'ina, bula ta wanki domin launin ruwa, ƙaro domin liƙi. Sirrin yana wajen ƙusa. Kafin ki taɓa dakakkiyar takarda sai kin zana ƙasar a kan katako, kin kafa ƙusa a kowane tudu gwargwadon tsayinsa, sannan ki yi ta ɗora takarda sama-sama har kan ƙusar ya ɓace. Kowane shafi sai ya bushe kafin a ɗora wani. Da rani kwana biyu ya isa. Da damina, a sanyin Jos, shafi ɗaya sai ya kai mako.

Dutsen Naraguta da rafin da ke gindinsa shi ne abin da na fara ginawa da hannuna. Na yi masa ado, na shafa launi, na kai wa Baba ina jiran yabo. Bai ko dubi launin ba. Ya ɗebo ruwa a cokali ya zuba a kan dutsen, muka tsaya muna kallo. Ruwan ya gangaro, ya bar rafin da na zana da bula, ya je ya kwanta a tsakiyar gonaki. Ya ce ruwa ba ya karanta abin da kika rubuta, inda Allah ya yi gangare nan yake bi. Ya sa na kankare duka. Daga ranar kowane aiki sai na yi masa gwajin cokali. Dokarsa ta biyu ita ce kada a kafa ƙusa ko ɗaya sai an ga zanen ƙasar da ido. Ta farko na riƙe ta har na daina aiki. Ta biyu ce na karya sau ɗaya.

Da na yi aure muka zauna a Gangare ɗin dai, maigidana Malam Sule yana kula da sito a wani kamfanin kuza. Bai hana ni aikin ba, ya ma kafa mini rumfa a tsakar gida. Malamai mata su shigo har ciki, maza su tsaya a zaure su yi bayani ta bakinsa. Na ga masu saye iri-iri. Akwai wanda ya ce in ƙara wa garinsu girma a taswirar Arewa don yara su san da shi. Akwai wata 'yar mishan da ba ta karɓar aiki sai ta sunsuna, wai tana neman warin ruɓa. Na gina haɗuwar Kwara da Binuwai ya fi sau goma, har ina iya yi ido rufe. Idon Baba Salami ya fara rauni, ya riƙa turo mini mutanensa. A Jos a lokacin in an ce taswira mai tudu, gidanmu ake nuna wa mutum, kuma ba alfahari ba ne, aikina ba ya tsagewa, launina ba ya koɗewa.

Sai ga shekarar da kasuwar kuza ta faɗi, wajen ƙarshen shekarun nan. Aka rage ma'aikata, maigidana yana ciki. Leburori suka yi ta ɗaure kaya suna komawa garuruwansu, ɗakunan haya suka zama kango, makarantu suka daina neman kayan koyarwa. Ko tsohuwar jarida ta yi wuya, domin Turawan da kukunsu ke sayar mana da ita sun ragu. Ruwa kuma a daminar nan kamar an ɓula sama. A cikin wannan hali ne Malama Rifkatu ta yi sallama a gidanmu.

Yarinya ce siririya mai sanyin murya, Kirista, daga wani ƙauye a kan duwatsun da ke bayan Naraguta. Tana shekarar ƙarshe a makarantar horon malamai mata. Ta gaya mini gaskiya tun a zaman farko: ta faɗi jarrabawar koyarwa a bara, domin da Baturiya mai duba su ta shigo aji sai muryarta ta ɗauke. An ba ta dama ɗaya ta ƙarshe. In ta sake faɗuwa babu takardar shaida, sai komawa ƙauye, ita ce kuma mace ta farko da ta kai wannan matsayi a garinsu. Darasin da aka ba ta na tarihi ne, a babban aji na 'yan mata: kwatanta birane biyu na tsohuwar ƙasar Girka masu gaba da juna, Atina da Sparta, ta fuskar ƙasa da fatauci da yaƙi. Tana so in gina mata kowane birni a kan katakonsa, yadda in murya ta gaza, hannu zai samu abin nunawa. Saura mako biyar.

Na tambaye ta zanen ƙasar. Ta ce littafin da ke da shi ɗaya ne, a ɗakin karatu yake, ba a fita da shi, amma za ta kwafo mini a farar takarda. Abin da ke hannunta a ranar 'yar takarda ce da ta raba biyu. A ɓangaren Sparta ta rubuta: mayaƙa, masu jure wuya, ba sa son baƙi, ba sa fatauci. A ɓangaren Atina: kasuwa, baƙi daga ko'ina, masu sana'a, jiragen ruwa. Ta tafi, washegari aka tura su gwajin koyarwa a wata makaranta can wajen gari, zanen bai zo ba.

Na jira kwana huɗu. Na dubi sama, na ƙidaya shafin da zan ɗora da kwanakin da kowanne zai ci kafin ya bushe, na ga in na ƙara jira aikin ba zai yiwu ba. Na sake karanta takardar, sai na ga ai babu abin jira. Wa ya girma a Jos bai san inda mayaƙan da ba sa son baƙi suke zama ba? A kan dutse suke, hanya ɗaya siririya, gari kewaye da shingen ƙyarana, itacen nan mai ƙaya da farin ruwa mai makantarwa. 'Yan kasuwa kuma a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa suke kamar Kano, gonaki iya ganin ido, ganuwa da ƙofofi. Jiragen ruwa kuwa kogi suke bi, kamar yadda na ji ana faɗa a Binuwai. Na kafa ƙusoshina.

Na yi aiki mai kyau, wannan ba zan ɓoye ba. Sparta ta tashi a kan tsauni mai kai a daidaice, ƙasar kewaye da shi duk tsakuwa da tuddai, ba wajen noman kirki. Na yi mata shingen ƙyarana da tsinken tsintsiya. Atina na shimfiɗa ta a fili kore, kogi ya ratsa ta tsakiya, na zagaye ta da ganuwa mai ƙofa shida. Na yi gwajin cokali, ruwa ya bi inda ya kamata. Na rubuta sunayen a gaba da baya, na jingine su kusa da murhu suna shan ɗumi.

Ranar Litinin bayan azahar Rifkatu ta zo, jarrabawa kuma ranar Alhamis da safe. Na yaye zanen da na rufe katakan da shi. Ta tsuguna gaban Sparta, ta sa yatsa ta taɓa shingen.

"Yaya, wannan ai ƙauyenmu ne," in ji ta. "Har da ƙyaranar."

Na ce to ai madalla, yara za su gane da sauri. Sai ta buɗe jakarta ta fito da zanen da ta kwafo ta shimfiɗa a kan tabarma. Na duba, na sake dubawa. Sparta tana cikin kwari mai ni'ima, kogi ya ratsa ta, manyan duwatsu sun tsare ta gabas da yamma, babu ganuwa ko taku ɗaya. Atina ce ke ƙasar tsakuwa, da tsauni a tsakiyar gari, ga teku ta kusa kewaye ƙasar. Na ce mata amma kowa ya san jarumai a kan dutse suke.

"Kakanninmu ba don son yaƙi suka hau dutse ba, Yaya," ta ce a hankali. "Koro su aka yi. Mai koro yana ƙasa, inda abinci yake."

Na san su wane ne suke ƙasa a wancan zamani, ita ma ta san na sani. Ta naɗe zanenta ta ce ba komai, za ta yi da allo da alli kamar bara. Na ce ta zauna. Na leƙa zaure na roƙi maigidana ya je ya zo da Baba Salami.

Ya shigo riƙe da hannun maigidana, lema a ɗaya hannun, a lokacin ba ya ganin komai sai inuwa. Na faɗa masa abin da na yi, ban rage ba. Ya zauna a kan turmi ya ce, 'yar tela ta ɗinka riga ba ta auna mai ita ba, Allah ya ji ƙan mahaifinki, da ya ga haka da ya karya almakashi. Ya ce a ba shi katakan. Ya bi su da tafin hannu, tudu bayan tudu, yana sa Rifkatu tana karanta masa zanen: kogin daga ina ya taso, tsaunin yana wane gefe, nisan gari da ruwa. Ya daɗe a kan haka, ni kuwa ina lissafin cewa ko shafi ɗaya na sabuwar takarda ba zai bushe kafin Alhamis ba.

"Rigunan duk sun yi," in ji shi. "Masu su kika musanya. Ba wa kowa tasa, ki rage nan, ki ƙara can. Amma kada ki taɓa ruwa. Duk abin da za ki yi, busasshe."

Haka aka yi. Filin da na kira Atina ya zama Sparta, tsaunin da na kira Sparta ya zama Atina. Faɗa ke da sauƙi. Kwana biyu da rabi muka yi a kai, Rifkatu tana zuwa da ta tashi daga makaranta, ta ɗaura zane a kan rigarta ta zauna.

Ganuwa na fara rushewa, mai ƙofa shidan nan da na ɓata kwana uku a kanta. Ina kankara da aska ina tambayar Rifkatu yaya gari zai zauna ba ganuwa. Ta ce duwatsun sun tsare su, su kuma suna ganin mazajensu sun ishe su. Ƙasar tana ba su hatsi isasshe, ba su da bukatar kowa, shi ya sa ba su damu da fatauci ba, har kuɗinsu ma sandunan ƙarfe ne masu nauyi da ba mai sha'awar tarawa, baƙo in ya daɗe sai a sallame shi. Amma ba su ke noman ba. Maƙwabtansu suka ci da yaƙi suka mayar bayi, bayin kuma sun fi su yawa nesa ba kusa ba. Saboda haka kullum a shirye suke. Yaro yana shekara bakwai za a raba shi da uwarsa a kai shi bariki, namiji ko ya yi aure a can yake cin abinci da 'yan uwansa sojoji, mata ke riƙe da gida da gona. Na ce Allah ya raba mu da koshin da zai raba uwa da ɗanta. Ta ce amin, ta ci gaba da feƙe tsinke.

Duwatsun da za su tsare kwarin su ne matsala, tunda ba halin gina su da jiƙaƙƙiyar takarda. Maigidana ne ya warware wannan, shi da zaman gida ya isa. Ya ɗauki buhu ya tafi tashar jirgin ƙasa, ya tsinto ƙonannen kwal da ake zubarwa daga injin, mara nauyi, mai ramuka da kaifi kamar dutsen gaske. Na zaɓa, na fasa da kurfi, na dama ƙaro da toka mai kauri na liƙa su layi biyu, na gabas gajeru, na yamma dogaye. Muka sa kaskon garwashi a ƙarƙashin katakon, ba kusa sosai ba don kada ya lanƙwashe.

Ranar Talata da hantsi na koma kan teku. Ban taɓa ganin teku ba, ruwa mafi girma da na sani shi ne na ramukan kuza. Na ɗauki fensir na zana mata wuri a gefen katako, kewayayye, da gaɓa ta ko'ina. Baba Salami, wanda ya dawo duba aiki ba a kira shi ba, ya bi layin da na tsaga da farce ya ce wannan kududdufin Naraguta ne, ko agwagwa ba za ta yi fatauci a cikinsa ba.

"Teku ba ta da ƙetaren da ido zai gani," ya ce. "Ki bar ta ta faɗa ta bakin katako."

Na sa kurfi na sare ƙasar kudu da ta yamma har na tarar da katako tsirara, na goge, na shafa bula da ƙaro har bakin katakon, na zagaya da launin ta gefensa ma. Na tsige shingen ƙyarana. Da Rifkatu ta iso ta tattara tsinkayen ta ƙulle a bakin zanenta, ban tambaye ta dalili ba. Na yi tashar jirage a bakin ruwa, na ja bango biyu na kwali daga birnin har tashar, kamar lungu mai katanga hagu da dama. Jirage ɓawon gyaɗa ne, matuƙansu tsinken ashana. Ta ce ƙasar Atina ba ta iya ciyar da mutanenta, sai zaitun da inabi ke yi a tsakuwar. Suna fitar da mai da tukwane, suna haƙo azurfa a tuddan kudu, su sayo alkama daga ƙetaren ruwa. Ƙarfinsu a jirgi yake, talakawan gari ne ke tuƙi, shi ya sa talaka yake da baki a sha'anin mulki. In Sparta ta zo ta ƙone gonaki, sai su shige cikin bango su ci abin da teku ta kawo. Maigidana yana daga zaure yana ji, ya ɗaga murya ya ce, rami, baƙi, abinci daga wani wuri, Malama wannan ai mu ne, jirgin ƙasa ne tekunmu. Rifkatu ta yi dariya, karo na farko tun Litinin, ta ce za ta ara. Ramin azurfar kam ban tambayi kowa ba, na san yadda bakin rami da tarin ƙasarsa suke. Na liƙa masa ƙyallin takardar taba.

Ranar Laraba da la'asar na bi duwatsun ɗaya bayan ɗaya ina girgizawa. Duk sun kama, ban da mafi tsawo a layin yamma, wanda ƙaron gindinsa ya yi kauri, cikinsa bai bushe ba. Na nuna wa Rifkatu na ce wannan kada kowa ya taɓa shi. Alhamis da sassafe maigidana ya ɗauki Sparta a ka, ita ta ɗauki Atina, an lulluɓe su da tamfol, ana yayyafi. Na yi walaha na roƙa mata buɗin baki, na koma wankin da na tara tun Litinin.

Da azahar ta dawo. Ba ta ko gama sallama ba ta kwance hankicinta ta ajiye mini wani abu a tafin hannu. Dutsen nan ne mai tsawo.

Ta ba ni labari tana tsaye. Da farko muryar ta so ta yi halinta, sai ta kira 'yan matan su kewaye teburin, ta tambaye su in an ba su zaɓi, a wane katako za su yi gona, a wanne za su kafa shago. Suka kaure da gardama, ita kuma ta samu numfashi. Ta tambaye su yadda za a ci Atina da yaƙi tunda ga bango, wata 'yar mai gyaran keke ta ɗora tafin hannu a kan teku ta rufe jiragen, ta ce a hana abinci zuwa. Haka kuwa aka ci ta a ƙarshe. Ana cikin haka Baturiyar ta taso daga bayan aji, ta sa tabarau, ta kai yatsa ta danna dutsen nan don ta ji ko da me aka yi shi. Ya ɓalle ya gangaro cikin kwarin, ya rushe gidaje biyu.

"Na ji kamar in nutse, Yaya," in ji ta. "Sai na tuna littafin ya ce an taɓa yin girgizar ƙasa a Sparta, gidaje suka zube. Na ce da su, to ga shi ta faru a gabanku. Ku ne bayin da ke noma a wannan kwari. Me za ku yi yau?"

Ta ce hannuwa suka tashi ko'ina, har da na waɗanda ba su taɓa magana a aji ba. Suka ce tawaye, ta ce haka aka yi, kuma tsoron wannan rana ne ya hana Sparta ajiye mashi. Ƙararrawa ta kaɗa ba wanda ya motsa. Baturiyar ta tsinci dutsen da kanta ta miƙa mata, ta ba ta haƙuri.

Bayan mako uku sakamako ya fito, ta ci. Ta zo da kwaryar acca daga wajen mahaifiyarta, na raba biyu na aika wa Baba Salami rabi. Da aka ba shi labarin girgizar ƙasa ya ce Malama ta iya aikinta, amma 'yar tela ta sani, ƙaronta ne bai bushe ba. Gaskiya ya faɗa. Na yi shekara goma sha a sana'ar bayan wannan, ban sake kafa ƙusa ba sai zanen yana shimfiɗe a gabana, ko da mai aikin zai yi fushi ya tafi. Wasu sun tafi ɗin.

Rifkatu ta koyar da katakan nan har ta yi ritaya. Gara ta cinye Sparta a sito, Atina kuma ta kawo mini da kanta, ta ce gida ya kamata ta dawo. Na so in goge sunan da ke baya tun a wancan mako, sai na ga gara in bar shi a soke yadda zan riƙa ganinsa.

Jiya na sa Zainabu ta ɗora katakon a cinyarta, na ba ta cokali da ruwa na ce ta zuba a kan tsaunin. Ta zuba tana murmushi. Ruwan ya gangaro ta gefen birnin, ya bi gindin bangon kwali, ya ratsa tsakanin jiragen, ya faɗa ta bakin katako ya jiƙa mata zane. Ta miƙe tana kakkaɓewa, ta ce Kaka ai ba ki yi masa wajen tsayawa ba. Na ce zauna, teku ke nan.